Kofin da Mas'ud Bai Kawo Ba

Jama'a ku matso kusa, yau bakina cike yake. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta sauke tukuna, don ba zan ɗauki alhakin ƙonewar tuwon gidan kowa ba.

Ga waɗanda yau ne suka fara cin karo da ni, sunana Saratu, 'yar Anka, shekarata ashirin da biyu. Ina ajin ƙarshe a wata 'yar kwalejin horar da malamai da ke Gummi. In na ce 'yar kwaleji da gaske nake, don idan ka yi atishawa a bakin get, na ajin can ƙarshe ne zai ce maka yarhamukallahu. Babana malamin zaure ne, ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa shida. Wanda kuma ya hana zuciyata sakat sunansa Mas'ud, ɗan manoma daga Adabka ta ƙasar Bukkuyum. Ajinmu ɗaya, kuma shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwandon makarantarmu.

Mas'ud dogo ne. Ba irin dogon da kuka sani ba. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kakata Marka, mahaifiyar Baba, ta leƙo ta gan shi ya lanƙwashe biyu zai shiga zaure, ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Ke Saratu, wanga ai ba mutum ba ne. Dogonyaro ne anka sa wa riga."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Da ta tambaye ni sana'arsa na ce ɗalibi ne, yana kuma buga ƙwallon kwando, sai ta gyara zama.

"Kwando? Mi shika zubawa ciki?"

"Ƙwallo suke jefawa, Kaka. Ta shiga ta sama ta faɗo ta ƙasa."

"Ta hwaɗo? Kwandon ba shi da gindi?"

"Ba shi da shi."

"To Allah shi kyauta. Namijin da ka wuni jifa cikin kwandon da ba ya riƙe komi, shi za ki ba ajiyar kanki?"

Inna ta yi dariya har da tari. Ni kuwa na murguɗa baki na shige ɗaki, amma can ma sai da na dara.

Bari in ba ku labarin ƙungiyar tasu, don ku san abin da na daɗe ina kare wa mutunci. Su bakwai ne cif. Filinsu siminti ne da ya tsattsage, awakin masu gadi ne ke kwana a kai, sai an share kashinsu kafin a fara atisaye. Ƙarfen kwandon wani mai walda ne a kasuwar Gummi ya lanƙwasa musu, ya ɗan karkace hagu, shi ya sa duk lokacin da suka je wani gari suka tarar da miƙaƙƙen kwando sai sun ɗauki minti biyar suna jifan iska kafin hannunsu ya dawo daidai. Kocinsu Malam Barau, malamin labarin ƙasa ne, mai tumbi da usur a wuya, wanda ya ce ya yi wasan a zamanin samartakarsa, mu dai ba mu ga hoto ba. Jesinsu kore ne, telan da ya ɗinka kuwa ya kifar da lamba tara, sai ya zamana suna da masu lamba shida har biyu.

Amma fa bana sun ba kowa mamaki. Wasa shida suka yi da makarantun yankinmu, suka ci biyar. Aka gayyace su gasar kwalejoji a Gusau, suka fitar da na farko da suka haɗu da su, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne za su kara da wata babbar makaranta ta cikin Gusau, masu 'yan wasa goma sha biyu, takalmansu iri ɗaya, har da mai riƙe musu tawul.

To a daidai wannan lokaci ne Baba ya kira ni zaure.

"Saratu, yaron ga shekara guda ke nan shina zuwa ƙohwar gidana. Ban ga aibunai ba. Amma ni ban san zance marar ƙarshe ba. Ki ce mai kahin watan Sha'aban shi hita in ga magabatanshi. In ba haka ba, shi huta, ke ma ki huta."

Na ce to, kaina a ƙasa. Saura mako biyu da 'yan kwanaki watan ya fita. Ga kuma Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba, da ta daɗe tana yi min tallan wani mai injin niƙan dutsen zinare a Abare, kullum ta zo sai ta faɗi launin motarsa kamar ni na tambaye ta.

Da na kira Mas'ud na faɗa masa, sai ya ce:

"Saratu, da me zan shiga zauren Malam? Karatu ban gama ba, aiki babu. Gonar ma ta mahaifina ce. Ki bari mu ɗauko kofin nan. Ranar da na ɗaga shi, wallahi washegari zan turo kawunnaina. Aƙalla a ce yaron nan ya taɓa kawo wani abu gida."

"In kuma ba ku ɗauko ba fa?"

"Za mu ɗauko."

Ku ji fa. Aurena guda an ɗaure shi a wuyan kwandon mai walda.

Ranar Asabar ɗin wasan muna hutu, ina gida. Motar makaranta ta nan Anka za ta bi ta wuce Gusau, na roƙi Inna ta bar ni in shiga.

"Hanyar da aka bi da addu'a a baki? Don ki kalli maza suna tsalle? Zauna nan inda nika ganinki."

Na san ba a ja da wannan muryar. Sai na nemi ƙawata Dija, wadda take hutu a gidan yayanta a Gusau, na ce ta zama idona. Ta ce in dai zan yi mata kitso kyauta har ƙarshen zango, ta yarda.

Bayan azahar na yi wanka na ɗauko atamfata koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na kafa ɗauri, na zizara kwalli, har da turaren da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Inna tana zaune bakin madafa tana gyaran zogale ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Kwalliyar mi ce wagga, ke da ba inda za ki?"

"Haka kawai, Inna."

"Haka kawai kuma kore. To."

Wani abu game da gidanmu: waya ba ta samun sabis sai a wuri ɗaya, gefen rumbu, kusa da katangar zauren Baba. Shi ma sai ka kifa turmi ka hau. Don haka da aka yi la'asar, ga Saratu 'yar Malam da kwalliyarta tsaye a kan turmi, hannu a sama kamar mai kiran ruwa. Kaka Marka ta jawo tabarmarta har gindin turmin, ta zauna da ɗan abin dakan goronta.

"Yau sai na ga abin da Dogonyaro ka yi da rana tsaka."

Dija ta kira ta bidiyo. Hoton yana rawa, amma na hango shi a tsakiyar fili, ya fi kowa tsawo, yana tafa wa yaransa. Na sunkuyo na nuna wa Kaka. Ta matso da ido har hancinta ya taɓa gilashin.

"Innalillahi! Ina sauran wandon? Telan ya cinye mai yadi?"

"Haka ake sawa, Kaka. Ai akwai dogo a ciki, baƙi."

"Awo, na gani. Ƙahwahu kamar na zalɓe."

Nan bidiyon ya tsaya cak, ya bar Mas'ud da baki a buɗe. Daga nan sai saƙo.

"An fara. Mutuminki ya jefa biyu a jere."

"16 da 11, mu ne a gaba! 'Yan Gusau sun yi tsit."

"Wata a bayana tana tambaya wane ne mai lamba huɗu. Na ce mata an yi masa mata."

Na rubuta mata: "Allah ya yi miki albarka. Kitso har da na sallah."

Duk saƙon da ya shigo sai na karanta da ƙarfi, Kaka kuma ta maimaita da ƙarfin da ya fi nawa, wai don Inna ta ji. Inna ta ce ita ba ruwanta, amma na lura ganyen zogale ɗaya ta fi minti goma tana juyawa a hannu.

Aka tafi hutun rabin lokaci muna da 31, suna da 27. Na sauko daga turmin, na sha ruwa, na koma.

To ga inda abin ya fara lalacewa. A wasan nan mutum biyar ne ke cikin fili daga kowane ɓangare, kuma duk wanda ya yi laifi sau biyar alkalin wasa zai fitar da shi, ba ya dawowa. Su 'yan Gusau in mutum ya gaji sai a canza shi da wani sabo fil. Namu kuwa biyu kacal ne a benci.

"Ɗaya daga cikin masu lamba shida ya gurɗe a ƙafa. An ɗauke shi."

"44 da 44. Yaranmu sun gaji, Saratu. Harshe a waje."

"An fitar da Nuruddeen, laifi biyar. Benci ya zama wayam, sai Malam Barau shi kaɗai da tumbinsa."

Kaka ta daina dakan goro. "A sa Baraun mana!"

"Ba a sa malami, Kaka."

"Mi ad amfaninai to?"

Saƙo na gaba ya daɗe bai zo ba. Da ya zo, murya ce, ihun mutane ya cika ta, Dija tana magana da sauri.

"Saratu, an sake fitar da wani! Saura su huɗu, kuma saura minti huɗu! Alkali ya je wajen Malam Barau yana tambaya ko za su haƙura. Mas'ud ya zo ya ce a'a, a busa, za su ƙarasa. Wallahi ya tara su ukun nan ya dafa kawunansu, ban san me ya ce musu ba, na dai ga suna dariya. Su huɗu da mutum biyar, Saratu!"

Ban san lokacin da hawaye ya ɓata min kwalli ba. Inna ta ajiye tiren zogale ta taso ta tsaya kusa da rumbu, wai tana duba ko gara ta shiga.

"53 da 55."

"Ya jefa! Ya sake jefawa! 58 da 59, maki ɗaya tsakani!"

"Sun ci biyu. 58 da 61. Saura daƙiƙa tara, ƙwallo a hannunsa. In ya jefa daga nesa maki uku ne, a yi kunnen doki..."

Sai sabis ya ɗauke.

Jama'a, na ɗaga wayar nan gabas, na ɗaga ta yamma. Na yi ɗage a kan turmi har ya yi gefe, Inna ta riƙe min ƙugu. Kaka tana cewa, "Girgiza ta! Hura mata iska!" Minti bakwai muka yi a haka, ni da uwata da kakata, mun zuba wa sandunan sabis ido kamar masu duban wata.

Da ya dawo, saƙonni suka zubo gaba ɗaya. Na buɗe na ƙarshe. Muryar Dija ta dushe.

"Ya jefa, Saratu. Ta hau bakin kwandon ta zagaya, ta sake zagayawa, kowa ya miƙe, sai ta faɗo waje. An tashi. Amma ki ji, duk filin nan, har 'yan Gusau, tsaye suka yi suna tafa musu. Shi kuwa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Malam Barau ne ya ɗaga shi."

Can Kaka ta ce a hankali, "Kwandon banza. Da na mai waldan ne da ta shiga."

Wasansa na ƙarshe ke nan a makaranta. Shekara uku yana share kashin awaki kafin ya yi atisaye, ga inda ta tsaya.

Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo. Kalma biyar.

"Na kasa. Ki yafe min."

Na kira, a kashe. Na rubuta masa cewa ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi, saƙon bai shiga ba. Lahadi a kashe. Litinin a kashe. Tausayin da nake ji ya fara juyewa haushi. Wato shi ya faɗi wasa, ni kuma aka bari da turmi? Ranar Talata Gwaggo Laraba ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Na ji an ce 'yan tsallen sun sha kashi. Shi kuwa wancan bawan Allah ya sake sabuwar mota, fara sol." Na ce Allah ya tsare hanya, na shige ɗaki na kifa kai a filo.

Ranar Laraba da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, Baba ya aiko a kira ni. Na sa dogon hijabina ruwan ƙasa na tafi. Na tabbata cewa zai yi maganar ta ƙare.

Yana zaune a kan buzu yana mayar da littafi cikin gafaka. Bai ɗago ba.

"Su nawa sunka ƙarasa wasan?"

Na ɗauka kunnena ne. "Na'am, Baba?"

"Ina tsakiyar bayanin alwala ran Asabar, tsohuwa tana ta kwarara lissahi ta bayan katanga. Har masu karatu sunka daina saurarena. Na ji an ce saura huɗu, daga nan ban ƙara jin komi ba. Sun ƙarasa?"

"Sun ƙarasa, Baba. Da maki uku aka cinye su."

"An ba su zaɓin su bari?"

"An ba su. Shi ya ce a ci gaba."

Baba ya ɗaure bakin gafaka a hankali. "Ki ce mai ina son ganinai ran Juma'a, bayan an sauko."

Na fito na tsaya gefen rumbu da waya a hannu. Ta ina zan faɗa masa? Na duba, sai na ga saƙonnina na kwana huɗu duk sun shiga, har ya karanta, amma ko ɗigo bai mayar ba. Na gaya wa Kaka ina huci. Ta miƙo hannu.

"Ba ni nan. Ina aka dannawa a yi magana?"

Na danna mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar mai shan fura a ƙwarya.

"Dogonyaro! Marka ce, matarka ta hwari. An ce ka shige rumbu ka ɓoye. To wane rumbu ne za shi ɗauke ka, ƙahwahunka na waje? Ni na binne miji, na ga yunwa, na ga shekarar da hwara ta cinye muna gero sarai, ban kashe waya ba, don ba ni da ita. Kai don ƙwallo ta zagaya ta hwaɗo? Malam na kiranka Juma'a. In ba ka zo ba ni ka hawa babur in zo Adabka in jawo ka da kunne, in an ba ni tsani. Kuma ka sanyo wando cikakke."

Na tura kafin in canza shawara. Ba a yi minti biyu ba amsa ta zo: fuskokin dariya guda uku, sai kuma, "Ki ce wa Kaka ina tafe. Ke kuma ban san da wane ido zan kalle ki ba."

Na rubuta: "Da waɗanda ka karanta saƙona da su ka yi shiru."

Ranar Juma'a tun safe na share tsakar gida sau biyu. Inna ta dama fura da nonon da aka kawo daga ruga, ta ce wai don Baba ne, alhali Baba ba ya shan mai sukari. Na sa leshina ruwan hoda da farin mayafi. Wajen ƙarfe uku muka ji tsayuwar babur. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Shadda ce a jikinsa ruwan toka, an sha guga, hannun rigar ya tsaya masa tun kafin wuyan hannu. Ya rame. Haushin kwana shida ya nemi ya gudu ya bar ni, na riƙe shi da ƙyar.

Ni da Kaka muka laɓe a bayan ƙofar zaure ta cikin gida. Kada ku ce komai, ita ta fara zuwa.

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Adabka da hanya, Baba ya tafi kai tsaye.

"Saƙona ya iske ka tun kwanaki. Mi ya hana ka turo?"

"Allah shi gafarta Malam, na yi wa kaina alkawari ne. Na ce sai na kawo kofin gasar nan, don kada in zo hannu rabbana. Allah bai nufa ba."

"Kohi." Baba ya maimaita. "Ni na aike ka kawo kohi? In kohi ne, uwar ɗiyar ga tana da dozin biyu cikin kabad, ba mai taɓa su sai an yi baƙi."

Kaka ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

"Saurara, Mas'udu. Sa'adda na nemi uwarta, abin da ni mallaka buzu ne da buta. Ban tambaye ka abin da ka tara ba. Ni abin da nika dubi ga mai neman ɗiyata, in abu ya yi tsanani, shina tsayawa ko shina gudu? Gusau an ce ka tsaya, ku huɗu. Na ji daɗin wanga. Amma ka dawo ka kashe waya kwana huɗu, ka bar yarinya tana hawa turmi tana sauka. Wanga kuma gudu ne. Aure kuwa ranakun da aka cin mutum sun hi ranakun da shika ci yawa. In duk ranar da anka cinye ka za ka ɓace, gara ka hwaɗa min yanzu."

Na ƙara manna kunne a jikin ƙofa. Muryar Mas'ud ta fito a ƙasa, amma ba ta rawa.

"Na yi kuskure, Malam. Kunya ce ta kama ni, na manta ba ni kaɗai abin ya shafa ba. In Allah ya yarda ba za a sake ba. Asabar ta sama kawunnaina za su zo, in Malam ya ba da izini."

"Allah shi kai mu. A kawo mai hura."

Kaka ta rangaɗa guɗa a bayan ƙofa, ta tona mana asiri gaba ɗaya. Na kwasa da gudu har ina taka mayafi.

Da Baba ya fita, aka ba mu 'yan mintuna a zauren. Na ajiye masa kwanon fura na zauna nesa, na haɗe rai.

"Ranki ya daɗe, a yi min afuwa."

"Wa ke magana? Ni na ɗauka lambar nan ta daina aiki."

"Saratu mana."

"An ce ƙwallon sau biyu ta zagaya. Ni kwana huɗu na yi ina zagaya rumbu."

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har ya dafe ciki. Sai kuma ya natsu ya ce akwai maganar da yake son mu yi. Bai kai ga farawa ba Kaka ta shigo duba tsawon wandonsa, ta sa shi ya miƙe ya juya, ta ce wannan karon telan ya ji tsoron Allah. Kafin ta gama la'asar ta yi, kuma mai zuwa Adabka ba ya bari rana ta yi sanyi a hanya. Ya yi salla ya hau babur ya tafi da maganarsa a baki.

Gab da magariba ina kan turmi ina jiran in ji ya sauka lafiya, saƙo ya shigo.

"Na iso. Ga maganar. Ran wasan nan akwai kocin wata ƙungiya ta Kano a cikin 'yan kallo. Ya karɓi lambata wajen Malam Barau, yana ta nema wayata a kashe, sai jiya ya same ni. Yana so in je gwaji. Asabar ta sama. Ranar da su Kawu za su zo. Me zan ce masa?"

Na yi murmushi ni kaɗai. Wannan ai mai sauƙi ce.

"Kyaftin, a ina ka taɓa ganin saurayi ya bi kawunnansa neman aure? Su za su zo, kai ba a bukatarka. Ka tafi gwajinka. Ka kuma bar waya a kunne."

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

"Ba ki gane ba. In suka ɗauke ni, kwantiragin shekara biyu ne, da ɗaki da albashi. Can za mu zauna. Kano, Saratu. Za ki bi ni?"

Ban gama karantawa ba na ji hannun Inna a bayana tana gyara min ɗaurin da ya zame. Tun ina firamare rabon da ta yi min haka. Fuskarta sai sheƙi take, muryarta a sanyaye.

"Kin san abin da ya hi yi min daɗi cikin lamarin ga? Adabka ce. Kullum addu'ata ke nan, ɗiya guda gare ni, kada Allah shi kai min ita inda sai na kwana bisa hanya kahin in gan ta. Nan da can kuwa, in na tuƙa tuwo na ba mai babur, da ɗuminai za shi iske ki." Ta leƙo wayar, ita da ba ta karanta boko. "Shi ne? Mi ya ce?"

Na kife wayar a ƙirjina.

"Ya ce ya sauka lafiya, Inna."

"Madalla. Sauko ki yi alwala."

Na sauko. Wayar ta sake yin ƙara a hannuna, sau ɗaya, sau biyu. Inna tana gaba tana lissafa wa Kaka irin tukwanen da za a saya, ni ina biye da buta, kuma wallahi, jama'a, ban san wanda zan fara ba amsa ba a cikinsu.